Me ya sa notin madubin saiti ke kwancewa a kan shotgan?

Assalamu alaikum jama'a. Yau maganarmu a kan waɗannan ƙananan notin ne da ke riƙe madubin saiti a saman shotgan, ko mai jan ɗigo ne ko wani iri, duk tafiyar ɗaya ce. Kafin komai dai, cire harsashi, buɗe bindigar ka leƙa ciki da idonka.

To me ke faruwa? Shotgan mai lamba 12 (awon faɗin bakinta kenan), musamman in ka sa mata harsashi mai ƙarfi na magnum mai tsawon inci 3 ko harsashin dunƙule, ba ƙaramin tokari take ba. Duk harbi bindigar za ta zabura baya, shi kuma madubi nauyinsa na so ya tsaya inda yake, sai ya zama kamar ana fizgarsa gaba, kuma notin nan ne ke shan wahalar. Da zarar ya ɗan saki ko kaɗan, shikenan, kowane harbi ƙara kwance shi yake, kai kuma kana ta mamakin yadda saitinka ya gudu.

Abin da mutane ke yi sai su ɗauko sukurudireba su murɗa iya ƙarfinsu. Don Allah kar ka yi haka ɗan'uwa. Jikin shotgan ƙirar Mossberg 500 alminiyom ne, ba ƙarfe ba kamar na ƙirar Remington 870, in ka matsa da yawa tiredin ramin ne zai cinye, daga nan sai wajen mai gyara.

Farko wanke noti da ramin da asiton ko sifirit, saboda mai ne babban abokin gaba, sabon noti ma da maiƙonsa yake zuwa, kuma gam ɗin da ake sa wa noti don kar ya kwance ba ya kama wuri mai maiƙo yadda ya kamata. Bari ya bushe. Sannan gwada tsawonsa ba gam tukuna, ka ja bindigar ka ji, don in ya yi tsawo zai leƙo ciki ya taɓa abin da ke kai da kawo, ko kuma ya tokare ƙasan rami ka ɗauka ya ɗauru alhali bai danne komai ba. Wannan na ƙarshen yana yaudarar mutane sosai.

Sai gam. Na kamfanin Loctite, shuɗi, mai lamba 242 ko 243, ɗigo ɗaya kacal a jikin tiredi, ba wanka za ka yi masa ba, in ya yi yawa gangarawa zai yi cikin bindiga. Ja kuwa, wato 271, rabu da shi, sai an gasa shi da zafi wajen digiri 250 na Celsius kafin ya saki, wa zai kai wuta kusa da madubinsa?

In a kan layin Picatinny kake ɗorawa, wato ɗan dogon nan mai haƙora da ake ɗaurawa a saman bindiga, tura mazaunin madubin gaba har ya tokare kafin ka ɗaure, tunda can ɗin harbi zai kai shi dama.

Ɗaurin kuma da sifana mai awon ƙarfi ake yi. Ƙananan notin nan yawanci tsakanin 15 zuwa 25 ne a awon inch-pound, amma abin da kamfanin ya rubuta a takarda shi za ka bi. Kuma lura, awon inci ne ba na ƙafa (foot-pound) ba, na ƙafa ya ninka shi sau 12, in ka rikita su kan notin zai guntule maka a hannu. Ka ɗaure su bi da bi, kaɗan-kaɗan, ba ka gama da ɗaya sannan ka koma ɗayan ba.

Ka ba gam awa 24 kafin harbi, na san da wuya amma haƙuri. Sai ka sa alƙalamin fenti ka ja ɗan layi daga kan noti zuwa jikin mazaunin. Bayan harbi kallo kawai za ka yi, in layin ya rabu to ya motsa. Kuma kar ka ce bari in ɗan ƙara murɗawa, gam ɗin ya riga ya karye, cire shi gaba ɗaya, kankare tsohon, ka sake daga wanki.