Amsoshin Tambayoyinku: Kwana a Tanti a Gaɓar Elmina

Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙun wannan mako sun taru a kan Elmina, garin masunta da ke gaɓar tekun Gana, inda wasunku ke shirin zuwa hutu su kwana a tanti.

Wani ɗalibi daga Kumasi yana tambayar lokacin da ya fi dacewa. Ɗan'uwa, ka je tsakanin Disamba da Fabrairu, domin ruwan Mayu da Yuni ba ya barin tanti ya bushe. Hajiyarmu ta Kano kuwa da ke tambaya kan takardun tafiya, ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, amma kada ki bar katin rigakafin shawara a gida.

Tambayar da ta fi yawa ita ce ko za a iya kafa tanti a kan rairayi a kuma shiga wanka, har wani saurayi daga Tamale ya ƙara da cewa shi gwanin ninƙaya ne. To, gwani, muna gaishe ka, amma ruwan kogi daban, teku daban. Mun miƙa tambayar ga wani tsohon masunci, sai ya ɗauko mana bayanin yadda ba a fita kamun kifi ranar Talata, da bikin Bakatue da ake yi a Talatar farko ta Yuli, kafin ya iso inda muke so. Teku na cika yana janyewa sau biyu a kwana guda, saboda haka busasshen rairayin da ka gani da la'asar yana iya zama cikin ruwa da tsakar dare. Ka duba layin ciyayi da tarkacen da igiyar ruwa ta zubar, ka kafa tantinka can sama da shi, kuma ya fi kyau a harabar masaukin da ke da mai gadi. Na maimaita, sama da layin tarkacen nan. Game da wanka, akwai wuraren da ruwa ke komawa ciki da ƙarfi ya ja mutum. Wanda ya faɗa ciki kada ya yi ta kokawar komawa gaɓa kai tsaye, ya yi iyo ta gefe har ya fita daga jan, sannan ya juyo. Ni dai a ra'ayina, baƙon da bai tambayi 'yan gari ba kada ya bari ruwa ya wuce masa gwiwa, yara kuwa a riƙe musu hannu.

Wata malamar makaranta daga Damagaram tana son sanin abin kallo. Malama, ki fara da tsohon ginin da Turawan Fotugal suka kafa a 1482, 'yan Holan suka ƙwace a 1637, inda aka tsare bayi a kurkukun ƙasa kafin a fitar da su ta wata ƙuntatacciyar ƙofa zuwa jiragen ruwa. Da sassafe ki tsaya a gadar tafkin Benya ki ga kwale-kwale suna shigowa da kifi, idan kuma Juma'a ta same ki, akwai zango da masallaci a Kotokuraba, cikin Cape Coast da ke kusa.