Gajeren Filin Golf da Yake Sa Gwani Ya Tsaya Ya Yi Tunani

Assalamu alaikum warahmatullah, iyayena da yayyena da ƙannena na Katsina da Daura, da duk wanda yake kallon wannan bidiyo. Ina magana da ku ne daga garin North Berwick da ke gabas da birnin Edinbura a ƙasar Sukotland, kuma ƙarar da kuke ji a bayan muryata iskar teku ce, sai ku yi haƙuri da ita, domin ita ma tana cikin abin da za mu tattauna. Wani ɗan'uwa daga Daura ya aiko mini da tambaya, ya ce shi a saninsa ba a yin wasan golf sai da makeken fili da ruwan ban-ciyawa mai yawa, to mene ne amfanin yi wa mutanenmu bayaninsa? Tambayarsa tana kan hanya, kuma ita ce ta kawo ni nan, domin ina so in nuna muku da idonku cewa daɗin wannan wasa da wuyarsa suna fitowa ne daga yadda aka tsara ƙasa, ko da filin gajere ne.

Ga wanda bai saba da wasan ba, filin golf an kasa shi zango-zango. Kowane zango yana farawa daga mabuga, ya ƙare a wata farfajiya mai lallausar ciyawa inda ramin ƙwallo yake da tuta a cikinsa, kuma kowanne yana da ƙa'idar bugunsa, uku ko huɗu ko biyar, gwargwadon nisansa. Filayen manyan gasa na yau sukan haura yadi 7,000, amma wannan da nake tsaye a kansa, na ƙungiyar da aka kafa tun 1832, bai kai haka ba, kuma har gobe masu tsara filaye daga ƙasashe daban-daban suna zuwa su yi nazarinsa.

Bari in juya kyamara ku ga zango na 13. Wannan katangar duwatsu da kuke gani, wadda tsayinta bai wuce ƙugun mutum ba, tsohuwa ce, kuma waɗanda suka shata filin ba su rushe ta ba, sai suka ajiye farfajiyar a bayanta, siririya, tsakanin katangar da tudun yashi. Zangon bai kai yadi 400 ba, nisan da ba ya tsorata kowa. Amma ku lura da yadda katangar ta bi gefen hagu sannan ta gitta. Wanda ya ji tsoronta ya kai bugunsa na farko can dama, ya tsira a lokacin, sai dai bugunsa na biyu dole ya tsallake katangar ya sauka a wuri marar faɗi, idan ya gaza ƙwallo ta daki dutse ta dawo, idan ya zarce ta faɗa cikin doguwar ciyawar tudu. Wanda kuwa ya yi ƙarfin hali ya matso da ƙwallonsa kusa da katangar, zai tarar farfajiyar ta miƙe a gabansa ta tsawonta. Saboda haka tun mutum yana kan mabuga, kafin ya zaro sanda daga jaka, an riga an tambaye shi: wahalar yanzu kake so, ko ta gaba? A ganina wannan tambaya ita ce ginshiƙin kowane zango mai kyau, kuma a nan tsohuwar katanga ce kawai ta yi ta, ba a kashe kuɗin haƙa tafki ba.

Mun ƙaraso zango na 15, wanda ake kira Redan, kuma da wuya a sami zango mai ƙa'idar bugu uku da aka kwaikwaya a duniya kamarsa. Nisansa kimanin yadi 190 ne. Farfajiyarsa a karkace take, ta taso daga gaba ta dama ta gangara zuwa baya ta hagu, ga kuma kwarin yashi mai zurfi yana tsare da ita ta hagu. Na durƙusa na kawo kyamara kusa da ƙasa domin ku ga gangaren, saboda daga tsaye ido ba ya kama shi sosai. Ku kalli wannan ƙwallo da na ajiye a nan sama ta dama: ban buga ta ba, turawa kaɗan na yi, ga ta nan tana mirginawa a hankali, tana lanƙwasa hagu, har ta doshi inda tuta take. Wanda ya auna tutar kai tsaye, ko dai ya faɗa yashi ko ƙwallonsa ta sauka a gangare ta wuce baya. Wanda ya fahimci wurin sai ya auna dama, nesa da tuta, ya bar ƙasa ta kai masa ƙwallo. Abin da yake burge ni shi ne, dattijon da ƙarfinsa ya ragu yana iya cin saurayi mai ƙarfi a nan, domin sanin ƙasa ake nema. Wani mai tsara filaye, Charles Blair Macdonald, ya ɗauki wannan tsari ya gina irinsa a filin National Golf Links na jihar New York a Amurka, daga nan ya bazu.

Zango na ƙarshe a nan bai kai yadi 280 ba, ga shi ƙa'idarsa bugu huɗu, wato mai ƙarfi zai iya kai farfajiya da bugu ɗaya. Sai dai ku dubi dama: titin gari ne, ga motocin mutane jere. Kwaɗayin kaiwa da fargabar fasa gilashin motar wani sukan haɗu a zuciyar mai bugu, kuma na ga hannun mutum mai natsuwa yana rawa a wannan mabuga.

A yammacin ƙasar nan akwai filin Royal Troon, wanda zangonsa na 8, mai suna Postage Stamp, yadi 123 ne kacal, ga farfajiya ƙarama a jikin tudu, kwaruruwan yashi biyar sun kewaye ta. A gasar Open, wato babbar gasar golf ta Birtaniya, ta 1950 wani Bajamushe mai suna Hermann Tissies sai da ya yi bugu 15 kafin ya fita daga wannan zango, a 1973 kuma tsohon gwani Gene Sarazen, yana da shekara 71, ya jefa ƙwallo a rami da bugu ɗaya. Shahararren gwani Tiger Woods ya yi bugu 6 a wurin a 1997. Dalilin wannan bambanci shi ne gajeren bugu yakan tashi sama sosai, iska kuma ta fi samun ikon ƙwallon da ta yi sama, sannan wanda ya faɗa kwarin hagu idan ya fito da ƙarfi sai ya tsinci kansa a kwarin dama. Haka kuma a 2013 an yi babbar gasar Amurka ta US Open a filin Merion mai yadi 6,996, wanda masana da yawa suka ɗauka ya yi wa gwanayen zamani kaɗan, amma babu wanda ya gama ƙasa da ƙa'idar filin, Justin Rose da ya lashe gasar ma ya haura ta da bugu ɗaya.

Akwai abin da ba na so a wasu gajerun filaye, kuma ya kamata in faɗe shi. Wasu masu tsarawa suna ganin idan fili gajere ne sai an cika shi da ruwa a gaban kowace farfajiya da doguwar ciyawa a kowane gefe. Wannan yana sa wasa ya yi wuya, amma yana kashe shi, domin gwani zai tsallake ruwan bai ko kalle shi ba, ɗan koyo kuwa zai zubar da ƙwallayensa ya koma gida da ɓacin rai. Tsari nagari yakan bar wa mai rauni hanya ta ƙasa, ko da za ta ci masa ƙarin bugu ɗaya, ya ajiye haɗarin a daidai inda gwani yake sha'awar sauka. Ku tuna da dara, wadda ake haƙa gidajenta a ɗan wuri ƙarƙashin inuwa, yaro yana iya zama ya buga, amma manya sukan wuni a kanta saboda kowane motsi yana da abin da zai biyo bayansa.

Yanzu in koma ga tambayar ɗan'uwanmu na Daura. A hanyar komawa Edinbura akwai garin Musselburgh, inda tsohon filinsu mai zango tara, wanda bai kai yadi 3,000 ba, yake zaune a tsakiyar filin sukuwar dawaki, kuma an yi gasar Open sau shida a kansa tsakanin 1874 da 1889. Mu da muka gaji doki da folo tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko da Sarki Usman Nagogo, mun san fili ɗaya yana iya ɗaukar wasa fiye da ɗaya. A Pinehurst ta Amurka kuma, mai tsara filaye Gil Hanse ya gina wani fili mai suna The Cradle a 2017, zango tara, yadi 789 gaba ɗaya, a kan eka 10, wato kimanin hekta 4. Irin wannan wuri ba zai gagara ba a bayan garin Katsina ko Daura.

Batun ruwa ma yana da mafita, domin tsofaffin filayen Arewa sun daɗe suna amfani da farfajiyar yashi da ake cakuɗawa da mai a daddaɓe a maimakon ciyawa. Ƙasarmu a lokacin rani tana da tauri, ƙwallo tana gudu a kanta kamar yadda take gudu a nan bakin teku, don haka tsarin Redan na auna gefe a bar gangare ya yi aiki zai zauna daidai a wurinmu, muddin an yi gangaren a gaban farfajiya da gefenta. Iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas, ta damina kuma daga kudu maso yamma, saboda haka idan aka sa zangunan suna fuskantar sassa daban-daban, zangon da ya yi sauƙi a watan Janairu zai zama mai wuya a watan Yuli. Kwazazzabon da ruwa ya zaizaye, a bar shi ya gitta zango a karkace yadda kowa zai zaɓi gwargwadon abin da zai iya tsallakewa. Bishiyar gawo kuwa tana da wata baiwa, domin tana zubar da ganye da damina ta yi ganye da rani, wato idan tana tsaye a kusurwar zango, akwai lokacin da za a iya ratsa rassanta da lokacin da dole a kewaye ta. Abin da za a kawar shi ne ƙarangiya da ƙaya, don kada yara su tsani wurin tun ranar farko.

Da ni za a ba wa hekta huɗu a hanyar Daura, zan sa zango mafi gajarta ya zama yadi 60, mafi tsawo yadi 150, yadda kowanne zai nemi sanda daban da bugu daban, zan kuma ja katangar ƙasa gajera a jikin farfajiyar zango ɗaya, irin wadda maginanmu suka iya. Mutum zai zagaye filin da sanda uku a hannu, ba ya buƙatar jaka ko mai ɗaukar masa kaya, kuma zai gama tsakanin la'asar da magariba. A bidiyo na gaba, in Allah ya yarda, zan kai ku Musselburgh ku ga yadda shingen filin sukuwa yake ratsa hanyar ƙwallo.