Bikin Yaye Ɗalibai: Aikin Da Ake Yi Kafin A Kira Suna

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, iyayenmu malamai, abokan aiki daga ofisoshi daban-daban, barkanku da zuwa. Na ji daɗi ƙwarai da masu shirya wannan zama ba su tsaya ga gayyatar shugabannin sassa kaɗai ba. Ina hango masu gadi can baya, ga masu shara, ga direbobi, ga mai kula da lasifika a gefe. Don Allah ku matso gaba, akwai kujeru. Maganar yau ta fi shafarku fiye da kowa.

An nemi in yi magana a kan shirya bikin yaye ɗalibai a kwaleji. Bari mu fara da ɗan lissafi. A ce kwaleji za ta yaye ɗalibai 1,000. A ce kowanne, daga lokacin da aka kira sunansa har ya tako ya gaisa da shugaba ya sauka, daƙiƙa 6 zai ci. Daƙiƙa 6,000 ke nan, wato awa ɗaya da minti 40, ba a yi jawabi ko ɗaya ba tukuna. To in aka ƙara daƙiƙa 3 kacal a kan kowane mutum, don an ajiye matakala nesa, ko mai kiran suna yana laluben takarda, an ƙara minti 50 a kan tsofaffin da ke zaune suna jira. Shi kuwa ɗalibi, daƙiƙa 6 ɗin nan su ne rabonsa duka a wannan rana. Domin su mahaifiyarsa ta yi sammako. Domin su ƙanensa ya ɗaga waya sama yana jiran ya ɗauki hoto. Duk abin da za mu shirya, daga kasafin kuɗi har jera kujeru, hidimar waɗannan daƙiƙoƙi ce.

Kafin in shiga aiki, ku ba ni minti biyu in taɓa tarihi, don akwai abin da nake so mu ciro. Doguwar rigar nan da ake sawa ta samo asali ne daga jami'o'in Turai na da, irin su Bologna da Paris da Oxford, lokacin da yawancin masu karatu malaman coci ne, suna zama cikin gine-ginen dutse masu sanyi. A 1321 jami'ar Coimbra ta ƙasar Fotugal ta wajabta wa masu digiri sa rigar. A Amurka sai a 1895 wakilan wasu jami'o'i suka zauna suka daidaita tsarin rigunan da launukansu: kore na likitanci, shunayya na shari'a, fari na adabi. Jami'ar Harvard ta Amurka ta yi bikinta na farko a 1642, da ɗalibai tara kacal. Ɗalibai tara, ai mutum ɗaya ma zai iya haddace sunayensu. Mu da muke yaye ɗaruruwa ko dubbai ba mu da wannan sauƙin.

Abin da nake so mu ciro shi ne wannan. A Oxford har yau, bayan an karanta sunayen masu neman digiri, akwai jami'ai biyu da ke tashi su taka zuwa tsakiyar zaure su dawo, alamar ana neman amincewar malamai kafin a ba da digirin. A jami'ar Cambridge kuwa, malamin da ke gabatar da ɗaliban kwalejinsa yana miƙa hannun dama, ɗalibai har huɗu su kama yatsunsa, ya kai su gaban shugaba ya ce ya tsaya musu a kan iliminsu da halinsu. Haka nan a duniyar Musulunci, ijaza da malami ke ba ɗalibi shaida ce da ya sa sunansa a kai. Ke nan tun asali wannan biki wurin ba da shaida ne. Kwaleji ce ke tsayawa gaban jama'a ta ce, wane ɗan wane ya cika sharaɗi, mun yarda da shi. Saboda haka abu mafi nauyi a ranar shi ne jerin sunaye. Ya fi ado, ya fi babban baƙo.

Nan zan daɗe, ku yi haƙuri da ni.

Ku bi hanyar da suna ɗaya ke bi. Malami ya duba takardun jarrabawa ya miƙa maki ga sashe. Sashe ya haɗa ya miƙa ga ofishin jarrabawa. Daga nan a kai gaban majalisar malamai ta amince. Sai ofishin magatakarda ya karɓa, ya tuntuɓi ofishin ma'aji ko akwai bashi, ya tuntuɓi ɗakin karatu ko akwai littafin da ba a mayar ba. Sannan jerin ya rabu gida huɗu: ɗaya ya tafi wurin mai buga littafin biki, ɗaya wurin mai buga takardun shaida, ɗaya wurin masu jera kujeru, ɗaya wurin mai kiran suna. Kowane ofis a cikin waɗannan zai iya yin aikinsa tsaf, amma a samu ɓaraka. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar tana nan ne daidai inda wani ofis ke miƙa wa wani. An gyara sunan wata ɗaliba a ofishin magatakarda ranar Talata, amma mai bugu ya riga ya karɓi nasa jerin tun Litinin, babu wanda ya kira shi. Ranar biki ta buɗe littafi ta ga an rubuta sunan mahaifinta ba daidai ba. Wa za ta kama? Kowa zai ce nasa daidai yake, kuma gaskiya ya faɗa.

Maganin wannan ba shi da wuya, sai dai yana son horo. Jeri ɗaya ake da shi, a hannun mutum ɗaya, kuma kowa ya san sunan wannan mutum. A sa ranar rufe gyara. Kafin ranar, a aika wa kowane ɗalibi sunansa kamar yadda za a buga shi, ya duba da idonsa ya sa hannu. Bayan ranar, duk gyaran da ya zama dole sai ya bi ta hannun mai riƙe da jerin, shi kuma ya sanar da gidajen nan huɗu a lokaci guda, a rubuce. Kada a yi gyara ta baka a kan hanya, wai ai na gaya masa da muka haɗu.

Sai furta sunan. A watan Mayun 2024 jami'ar Thomas Jefferson da ke Filadelfiya a Amurka ta fito ta ba da haƙuri a bainar jama'a, bayan an ɓata sunayen ɗaliban aikin jinya a wurin bikinsu, har da sunaye masu sauƙi irin Thomas. Hotunan bidiyon suka bazu a intanet. Jami'ar ta ce matsalar ta taso ne daga yadda aka rubuta lafazin sunayen a kan katunan da mai kira ke karantawa. Ku lura da kyau: dabarar da aka kawo don a furta suna daidai, ita ce ta jawo kuskuren. Mutane suka yi ta yi wa matar da ta karanta dariya, ni kuwa tausayinta na ji. Kati irin wannan kamata ya yi wani ya zauna da mai kira tun kwanaki kafin biki, su karanta shi da babbar murya ɗaya bayan ɗaya. A rubuta sunan yadda mai shi ke rubuta shi da manyan baƙaƙe a sama, lafazin a ƙasa. Wanda ya gagara, a kira ɗalibin a waya a ce, yaya kake faɗin sunanka? Ba za ta ci minti ɗaya ba.

Ina kuma goyon bayan tsarin da kowane ɗalibi ke riƙe katinsa a hannu, ya miƙa wa mai kira idan ya iso bakin matakala. In ana karantawa daga dogon jeri, mutum ɗaya ya fita kewayawa, duk wanda ke bayansa zai amsa sunan wani.

To, mu zo kan haɗin kai, wanda kowa ke yabo a baki. Ni abin da na gani a zaman kwamiti shi ne, da zarar an ce "kwamiti zai duba", to aikin ya mutu. Kowane aiki a rubuta sunan mutum a gabansa, da ranar da zai kawo rahoto, da wanda zai tsaya a madadinsa in rashin lafiya ta kama shi. Kada a rubuta "sashen gyare-gyare". Sashe ba ya ɗaga waya.

Kuma ina roƙon shugabanni da girmamawa, ku riƙa sa ƙananan ma'aikata cikin zaman shiri tun daga farko. Mai shara ya san ƙofar da ke maƙalewa, ya san banɗakin da ruwansa ke yankewa idan jama'a sun yi yawa. Mai gadi ya san inda motoci ke cushewa, domin shi ya tsaya a wurin bara. Mai lasifika ya san kusurwar da murya ba ta kaiwa. Wannan ilimi ba ya cikin kowane fayil. In ba a tambaye su ba, ba za su kutsa kai su faɗa ba, don sun saba a ba su umarni ne kawai, sai ranar biki kowa ya gano abin da su suka daɗe da sani. Tambayar ma ba ta wadatar ba. A ba su iko gwargwadon aikinsu. Yarinyar da aka tsayar a ƙofa tana nuna wa baƙi wurin zama, in ta ga dattijo da sanda, ta san tana da izinin kai shi layin gaba ba sai ta je neman wani babba ba. Mai gadi ya san in motar asibiti za ta fita, ko motar wa ce ta tare hanya, zai sa a janye ta, kuma shugaba zai tsaya masa.

Gwaji dole ne, kuma a yi shi da ƙafa. A ɗauki sandar girma a taka daga inda jerin gwano zai taso har dandamali, wani yana riƙe da agogo. A kunna makirfo a kira sunaye ashirin. A kashe wuta da gangan a ga minti nawa janareta zai ɗauka, kuma wa ke riƙe da makullinsa. A tura keken guragu a kan gangaren hawa dandamali da mutum a ciki, domin ɗalibin da ke kan keke yana da haƙƙin karɓar shaidarsa a inda kowa ya karɓa, kada a sauko masa da ita ƙasa kamar sadaka. A tsayar da mai fassara da maganar hannu inda haske ke kama fuskarsa. Sannan kada a dogara ga wayar salula, don idan dubban mutane suka taru wuri guda layi kan cushe. A samu rediyon hannu irin na jami'an tsaro, ko a sa matasa masu kai saƙo da ƙafa. Ku tuna kuma rigar nan daga ƙasashen sanyi ta fito. Mutum ya zauna awa uku cikinta da zafi, jiri zai iya ɗibarsa, don haka ruwan sha da ma'aikatan jinya su kasance kusa da ɗalibai.

Akwai wani abu da kwamitoci ke mantawa sai ya taso. Yakan faru ɗalibi ya rasu tsakanin jarrabawar ƙarshe da ranar biki. A yanke shawara tun da wuri: za a kira sunansa? Wa zai karɓa? A je a tambayi iyayen abin da suke so, a sa ma'aikaci ɗaya ya tarbe su ya zauna da su har a tashi. Kada su zo su tsinci sunan ɗansu a littafi babu wanda ya ce musu uffan.

Batun jawabai kuwa, ra'ayina a fili yake: sun yi yawa, sun yi tsawo. A ba kowane mai jawabi mintocinsa a rubuce, a fara a kan lokaci ko babban baƙo bai iso ba. Na san wannan yana da nauyi a baki, amma zauren cike yake da iyayen da su ma manyan baƙi ne. A 2020, da annobar korona ta hana taro, kwalejoji da yawa a duniya sun yi bikin ta intanet, wasu suka aika wa ɗalibai takardunsu. Da aka buɗe, da dama sun sake shirya wa waɗancan ɗalibai biki, kuma mutane suka baro wuraren aikinsu suka dawo suka sa riga. Takardar tana hannunsu tuni. Jin sunansu a gaban iyayensu ne ya dawo da su.

Idan baƙi sun watse, aiki bai ƙare ba. Akwai karɓar riguna a ƙirga, akwai kwashe kujeru, akwai kayan da aka manta, akwai takardun waɗanda ba su samu zuwa ba, a kulle su a rubuta. Masu wannan aiki su ne suka fara zuwa da asuba, su ne kuma za su tafi ƙarshe. A shirya musu canji, a shirya motar da za ta mayar da su gida, kuma kuɗin ƙarin lokacinsu ya shiga kasafi tun farko, kada ya zama abin da za su yi ta bi wata da watanni. A sa sunayensu a littafin biki, shafi ɗaya ya isa. Cikin mako guda, tun abin bai gushe daga zuciya ba, a sake zama da kowa da kowa a rubuta abin da ya tafi daidai da abin da ya karkace, a ajiye wa kwamitin baɗi tare da jadawali da lambobin waɗanda aka yi hulɗa da su.

Shugaban taro, na ga ka duba agogo, nan zan dakata. In da hali, a fara ba 'yan'uwanmu na baya damar tambaya. Na gode, Allah ya saka da alheri.