Amsoshin Tambayoyinku: Wai Har da TikTok Ake Yin Digirin Dakta?

Mai gabatarwa: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da war haka daga nan Jos, inda sanyi ya fara hana mu wankan asuba. Wasiƙun wannan mako duk hanya ɗaya suka bi, tun da muka ambata makon jiya cewa akwai malaman jami'a da aikinsu shi ne nazarin abin da ake yi a Facebook da TikTok. Shi ya sa muka gayyato wata malama da ta yi digirinta na uku a kan matan da ke rubuta littattafan Hausa suna sayarwa ta WhatsApp. Dakta, sannu da zuwa.

Dakta: Yauwa, Malam, sannunmu dai. Ina gaida masu sauraro.

Mai gabatarwa: Wasiƙar farko daga wata 'yar'uwa ce a Anguwar Rogo. Ta ce ta karanta aikin jarida, ta gama bautar ƙasa, tana so ta yi digiri na biyu a kan 'yan matan Arewa masu yin bidiyo a TikTok. To amma mahaifinta ya ce wannan ba karatu ba ne, zaman kashe wando ne aka yi wa rawani. Me za ta ce masa?

Dakta: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ba shi kaɗai ba ne. Ranar da na fara gabatar da maudu'ina, wani babban malami da ba zan kama sunansa ba ya cire gilashinsa ya ce, "Yanzu hirar matan WhatsApp za mu ba wa digiri?" Ɗakin ya kwashe da dariya. Na koma gida na yi kukana, washegari na dawo.

Ki ce wa Baba, ƙanwata, an yi wa finafinan Hausa da littattafan soyayya irin wannan kallon. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero da ilimin kimiyya ya fara, daga baya ya duƙufa a kan finafinai da waƙoƙi da rubutun Hausawa na zamani har ya sake zama farfesa a wannan ɓangaren, kuma ya shugabanci Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa daga 2016 zuwa 2021. A 2020 hukumar kula da jami'o'i ta raba fannin aikin jarida gida bakwai, saboda ya yi faɗin da kwas ɗaya ba zai ɗauke shi ba. Kuma ke 'yar Jos ce: ga Jami'ar Jos, ga kwalejin talabijin ta NTA, ga makarantar koyon fim ta ƙasa, duk a garinku.

Amma in gyara miki abu ɗaya. "'Yan matan TikTok" ba maudu'i ba ne, kasuwa ce guda. Ki tsuke shi. Wace ce ke samun kuɗi, wace ce ke shan zagi kawai? Me ya sa wata ke rufe fuskarta tana tallar turaren wuta da muryarta kaɗai? Idan aka rufe mata shafi, ina take kai kuka? Tambaya ɗaya da za ki iya amsawa cikin shekara biyu ta fi goma da za su bar ki a tsakiyar kogi.

Mai gabatarwa: To madalla. Ta biyu daga Bukuru, wani bawan Allah mai gyaran waya, ya ce shi gurgu ne. Ya ce idan ya ɗauki hannunsa kawai yana gyara, dubban mutane na kallo, amma ranar da ya fito a kan kekensa sai bidiyon ya kwanta. Yana tambaya: ɓoye shi ake yi, ko zargi ne kawai irin na zuciya?

Dakta: Malam, zarginka yana da tushe. A ƙarshen 2019 wata kafar labarai ta Jamus mai suna Netzpolitik ta fitar da takardun cikin gida da suka nuna an umarci ma'aikatan TikTok su rage yaɗuwar bidiyon masu naƙasa. Kamfanin ya amsa, ya ce wai don ya kare su daga cin zarafi ne, kuma ya daina. Ka ji fa: maimakon a kama mai jifa, sai aka kulle wanda ake jifa a ɗaki. A Amurka ma, wata yarinya baƙar fata 'yar shekara 14 a Atlanta ta ƙirƙiri wata rawa a 2019, wasu suka yi suna da kuɗi da ita ba a ko ambace ta ba sai daga baya. A 2021 har yajin aiki baƙaƙen fata masu yin bidiyo suka yi, suka ƙi ƙirƙiro sabuwar rawa don a ga wa ke ɗauke da kasuwar.

Sai dai bidiyo biyu ko uku ba su isa hujja a kan naka ba, kuma nan ne aikinmu yake. Lissafin da ke zaɓar abin da zai fito wa mutum a waya, kamfani ba ya nuna wa kowa cikinsa. Abin da yake bi shi ne halin masu kallo: wa ya tsaya, wa ya wuce da sauri. Idan mutane ne ke ture bidiyon da zarar sun ga keke, injin zai koyi wannan halin ya ninka shi. Wato wani lokacin ba injin ne ya fara wariyar ba, a wurinmu ya gani.

Ga abin da zan sa ɗalibina ya yi, kai ma za ka iya. Sayi littafin rubutu. Wata biyu, ka riƙa saka bidiyo iri biyu a lokaci ɗaya na rana, tsawonsu ɗaya, gyara iri ɗaya, bambancin kawai ka fito ko ba ka fito ba. Ka rubuta yawan kallo bayan awa 24. In ka samu abokai biyar suka yi haka, to kun fara bincike ke nan, ko ba ku taka jami'a ba.

Mai gabatarwa: Dakta, ni ma in tsoma baki. Injin nan yana jin Hausa kuwa?

Dakta: Ji na sama-sama. Takardun da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fitar daga kamfanin a 2021 sun nuna kashi 87 cikin ɗari na abin da aka ware don tantance labaran ƙarya Amurka aka yi wa tanadinsa, sauran duniya ta raba kashi 13. Mu a Filato mun san kuɗin wannan sakaci: a 2018 hotunan da ba na nan ba sun yi ta yawo a Facebook lokacin rikici, har BBC ta yi bincike a kai. Habaici, gatse, zambo cikin yabo, wasan Bafulatani da Babarbare, wa zai fassara wa injin? Shi ya sa nake ce wa ɗalibaina harshen da suka sha a nono shi ne jarinsu. Baturen da ya fi su kayan aiki ba zai gane abin da "Allah ya ƙara" ke nufi a ƙarƙashin hoton wata ba.

Mai gabatarwa: Wannan kuma daga Gangare, kuma da ɗan zafi. Ya ce, "Ku masu binciken nan, me ya raba ku da 'yan leƙen asiri? Kuna shiga zauren mutane na WhatsApp kuna kwashe maganarsu."

Dakta: Ya yi tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma zan amsa da laifina. Ina tsakiyar karatu, wata marubuciya, matar aure, ta saka ni a zaurenta. Kowace magariba takan saki shafi biyu, masu karatu su tura mata 'yan ɗaruruwa su aiko da shaidar biya. Da sunan aro take rubutu, dangin mijinta ba su sani ba. Na gabatar da takarda a wani taro, na canza sunanta, amma na ɗauko jimla guda daga labarinta yadda take. Wani a wurin ya kwafa ya bincika, cikin minti biyar ya gano shafinta. Da daddare ta kira ni, muryarta na rawa, ta ce, "Anti, ke ma?" Ta rufe zauren wata uku. Kuɗin makarantar yaranta ne na taɓa.

Tun daga nan ba na ɗauko maganar kowa kalma da kalma sai da izininsa, kuma nakan karanta masa abin da na rubuta kafin ya fita. In na shiga zaure, ranar farko nake faɗin ko ni wace ce. Yanzu ma akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, amma ni ba doka ce ta koya mini ba. Kuma ku tuna a Kano, a Nuwamban 2022, kotu ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala ashirin-ashirin da tara da sharar kotu saboda sun taɓa gwamna. Wanda kake nazari a kansa yana iya kwana a caji ofis, kai kana gida kana gyara waƙafi.

Dole ma ta sa mun koma zama da mutane. An rufe Twitter a Nijeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, a 2023 kamfanin ya daina ba masu bincike bayanai kyauta, a Agustan 2024 Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ta rufe CrowdTangle, kayan aikin da muke bin diddigin Facebook da shi. Sai ka hau keke napep ka je ka zauna a kan tabarma.

Mai gabatarwa: Saura minti ɗaya. Daga Farin Gada: akwai kuɗi a aikin?

Dakta: Babu na a zo a gani. Za ka fara daga mataimakin malami, kana hawa da yawan takardun da ka wallafa. TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, na ɗaukar nauyin ƙarin karatu, amma sai ka riga ka zama ma'aikacin babbar makarantar gwamnati. Ka kuma shirya wa yajin aikin malaman jami'a: na 2022 wata takwas ya ci. Wasu daga cikin matan da na yi nazari a kansu sun fi ni samu, suna ma tsokanata da haka.

Mai gabatarwa: To Dakta, mun gode, Allah ya saka da alheri. Mai gyaran waya na Bukuru, muna jiran littafin nan bayan wata biyu, za mu karanta shi a nan. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.