Wasan daɓe a Wagadugu: yaron da ya tafi ramin zinare

Assalamu alaikum jama'a, ku yi haƙuri da ƙarar baburan nan, Wagadugu kenan, ko'ina ka juya babur ne. Yanzu na fito daga wani wasan daɓe a unguwar Gounghin, na ce bari in ba ku labari tun da zafinsa.

Wasu matasa ne suka yi shi da yaren Mosi, abokina yana fassara mini a kunne. Labarin wani yaro ne ɗan ƙauye, ruwa ya ɗauke gero bai yi ba, rumbu wayam, shi kuma ya saci akuyar gyatumarsa ya sayar ya gudu ramin zinare, can aka koya masa tramol wai don kar ya ji gajiya a cikin rami, da ya samu 'yan jakunkuna maimakon ya aika gida sai ya sayi babur yana wasa da shi, ƙarshe dai aka dawo da shi da karyayyar ƙafa.

To a nan fa abin ya yi daɗi. Ba a tashi ba, sai mai jan wasan ya ce duk wanda yake ganin zai iya hana yaron tafiya ya fito ya zama ubansa. Wannan salon Augusto Boal na Brazil ne ya fito da shi, nan Burkina kuma Prosper Kompaoré ya yaɗa shi da ƙungiyarsa ta wasan daɓe mai suna ATB da ya kafa a 1978. Wani dattijo ya fito yana ta faɗa, yaron ya kalle shi ya ce to Baba in na zauna me za mu ci? Wallahi dattijon nan tsit ya yi. Wata mata ce ta ɗan taɓuka, ita ba ta hana shi ba, cewa ta yi ya jira yayansa su tafi tare.

Ni dai ban wanke yaron ba, sayen babur ɗin nan ganganci ne tsagwaronsa. Amma masu cewa rashin ji ne kawai, a'a. Zamfara ma a 2010 gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara sama da 400 a wajejen Anka da Bukkuyum, kuma ba a daina haƙar ba, don noman bai ciyar da gida.

Bari in nemi abin hawa, batirina ya kusa mutuwa.