Shaddar nan shuɗiya ce ko ruwan toka?

[Hoton shaddar anko a fuskar waya, yatsa na jan saƙonni sama]

Assalamu alaikum. Duk wanda ke cikin zauren WhatsApp na dangi ya san irin wannan rigima. Wannan da kuke gani shaddar ankon bikin ƙanwata ce, a nan Birnin Kebbi. Wadda aka aika kasuwa ta ɗauki hotonta a cikin shago, ta turo, ta ce ga wadda amarya ta zaɓa. Kafin la'asar waya ta cika da saƙonni. Wasu sun ce ruwan toka ce, wasu sun ce shuɗiya ce mai haske. Gwaggonmu ta Jega ta turo murya: "Ku yaran ga, ku tai a duba muku idanu, wagga shadda ai ruwan toka ta." 'Yar ɗan'uwanta ta amsa da ladabi: "Gwaggo, ki yi haƙuri, wallahi shuɗi nake gani."

Ku ma ku kalla da kyau. Ku riƙe amsarku, za mu dawo kanta.

[Hoton rigar nan ta 2015]

Duniya ta taɓa yin irin wannan musu. A watan Fabrairun 2015 hoton wata rigar mata da aka saya don wani biki a Sikotlan ya bazu a intanet. Miliyoyin mutane suka rabu: waɗannan na rantsuwa fara ce da ruwan gwal, waɗancan na rantsuwa shuɗiya ce da baƙi. Rigar dai shuɗiya ce da baƙi. Masu bincike a Amurka sun tambayi mutum wajen 1,400 a shekarar, kashi 57 cikin ɗari suka ce shuɗi da baƙi, kashi 30 suka ce fari da ruwan gwal, sauran suka faɗi wasu kaloli. Hoto ɗaya ne, kuma mafi yawansu idonsu lafiya lau.

[Zanen ƙwayar ido, an tsaga ta biyu]

Bari mu bi ta cikin ido da sauri. Haske na tafiya ne kamar igiyar ruwa, wani zangonsa gajere, wani dogo. Wanda idon ɗan Adam ke iya gani zangonsa na tsakanin nanomita 400 zuwa 700, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. A can bayan ƙwayar ido akwai wani siririn shimfiɗi da likitoci ke kira retina, a kansa akwai ƙwayoyin gane launi wajen miliyan 6, iri uku: masu kama gajeren zango, masu kama matsakaici, masu kama dogo. Tun 1802 wani Bature ɗan Ingila, Thomas Young, ya yi hasashen cewa uku ne, tun ba a da na'urar da za a gan su. Ƙwaƙwalwa na gwada ƙarfin saƙon kowanne da na ɗan'uwansa, daga nan launi ke fitowa.

Yawancin bayanan da nake gani a nan suke tsayawa. To, a nan kuwa aka bar matakin da ke kawo duk wannan musu.

[Dattijo da farar babbar riga, tsakar rana, bakin kogi a Argungu]

Ku dubi rigar wannan dattijo. Fara ce, ba gardama. Azahar ce, rana na tsaka.

[Shi dai, a wuri ɗaya, dab da magariba]

Ga shi kuma rana ta kusa faɗuwa. Wace kala ce rigar? Za ku ce fara. Ni ma fara nake gani. Yanzu ku jira in rufe komai, in bar ɗan gutsuren rigar kaɗai.

[Allon ya yi baƙi, saura ɗan murabba'i daga jikin rigar]

Kun gani? Ruwan goro-goro. Ban taɓa hoton ba, ban ƙara masa komai ba. Hasken da ke tasowa daga rigar zuwa idonku a wannan lokaci ja-ja ne da gaske, domin hasken da rana ke zubowa a kanta ja-ja ne. Da dattijon zai koma ƙarƙashin darbejiya, hasken da zai taso daga rigar zai ɗan yi kore-kore. Da zai shiga ɗaki mai ƙwan lantarki irin na da, zai yi rawaya-rawaya. Duk da haka ba wanda zai ce Baba ya sake riga.

Abin da ke faruwa shi ne, hasken da ke shiga ido gauraye yake. Akwai kalar tufar a ciki, akwai kalar hasken wurin a ciki, sun haɗe, kuma ido ba shi da hanyar raba su. Ƙwaƙwalwa ce ke rabawa.

[Mai sayen shinkafa ya ɗora kwano a sikeli]

Mu a Kebbi mun san sikeli. Ka ɗora kwano cike da shinkafa, sikeli zai ba ka lamba ɗaya. Wannan lambar ta shinkafa ce da kwanon a haɗe. In kana son sanin nauyin shinkafar kaɗai, sai ka cire nauyin kwano. Mai sayen da ya daɗe a sana'ar, kallo ɗaya zai yi wa kwanon ya san abin da zai cire.

Haka ƙwaƙwalwa take yi, kullum, ba tare da ta nemi izininka ba. Tana duban bango, tana duban inuwa, tana duban fatar mutumin da ke tsaye, tana duban sama, sai ta yanke: hasken wurin nan ja-ja ne, bari in cire ja. Abin da ya saura shi take miƙo maka, ta ce ga kalar riga. Kai ba ka taɓa ganin lissafin ba, sakamakon kawai kake gani, shi ya sa kake iya rantsuwa a kansa.

Yanzu a ce an lulluɓe kwanon, ba wanda ya gan shi, lambar sikeli kawai aka nuna wa masu saye biyu. Ɗaya ya ɗauka kwanon ƙarfe ne mai nauyi, ya cire da yawa. Ɗaya ya ɗauka roba ce, ya cire kaɗan. Kowa zai faɗi nauyin shinkafa dabam, kuma ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

[A koma kan hoton shaddar]

Hoton ankonmu kwano ne a lulluɓe. Ku duba: shadda ta cika hoton daga gefe zuwa gefe. Ba ƙofa, ba taga, ba fitila, ko hannun mai shago bai fito ba. Ba abin da zai gaya wa ƙwaƙwalwa irin hasken da ke cikin shagon. Dole ta yi canki. Ƙwaƙwalwar Gwaggo ta ce wannan inuwa ce, hasken inuwa kuwa shuɗi-shuɗi ne, sai ta cire shuɗi, aka bar ta da ruwan toka. Ƙwaƙwalwar yarinyar ta ɗauka hasken wurin fari ne ko mai ɗan rawaya, ba ta cire shuɗi ba, shuɗin ya zauna a jikin shadda.

Rigar 2015 ma haka ne. Waɗanda suka ɗauka a inuwa take, su suka fi ganin fari da ruwan gwal. Waɗanda suka ɗauka hasken fitila ne ya haske ta, su suka fi ganin shuɗi da baƙi. Wani malamin jami'ar New York, Pascal Wallisch, ya fitar da bincike a 2017 da ya nuna masu sammakon tashi, waɗanda suka fi sabawa da hasken rana, sun ɗan fi karkata ga fari da ruwan gwal fiye da masu raba dare a ƙarƙashin fitila. Karkata ce kawai, ba doka ba. Amma da na karanta sai na tuna Gwaggo, wadda tun kiran assalatu take tsakar gida.

[Mata a ƙofar shagon atamfa, ɗaya ta fito da turmi waje tana ɗagawa]

Abin da ke burge ni, iyayenmu mata sun san wannan tun kafin a rubuta shi a takarda. "Malam, bari in fita da ita waje in gani." Me take yi? Tana kai atamfar ƙarƙashin hasken da ƙwaƙwalwarta ta fi sani ne, don kada fitilar shago ta ruɗe ta. A ganina wannan ya fi duk wata gardamar waya amfani. Ga kuma wayoyin kansu: kyamara na yin nata cankin kafin ta adana hoto, fuskar wayarka kuma ba lalle ta yi daidai da ta ƙanwarka ba.

[Hotunan retina na mutane daban-daban, ɗige-ɗige ja da kore da shuɗi]

Wani zai ce, to su idanun fa, iri ɗaya ne? A'a. A 2005 masu bincike a jami'ar Rochester ta Amurka sun leƙa cikin idanun mutane masu lafiyar gani, suka tarar yawan ƙwayoyin dogon zango da na matsakaici ya sha bamban ƙwarai daga mutum zuwa mutum. A wani kusan kai ɗaya suke, a wani kuwa masu dogon zango sun ninka sau goma da wani abu. Amma da aka ce kowa ya zaɓi rawaya tsantsa, kusan wuri ɗaya suka nuna. Ƙwaƙwalwa na daidaita kanta da idon da Allah ya ba ta.

Shekaru ma na taka rawa. Madubin cikin ido na ƙara yin rawaya yayin da mutum ke tsufa, yana tare shuɗin haske. Shi ya sa tsohon da aka cire wa yanar ido kan ce sama ta yi shuɗi kamar an wanke ta.

[Faifan gwaji mai ɗige-ɗige, da lamba a ɓoye a ciki]

Akwai kuma waɗanda bambancinsu na ido ne da gaske, kuma ina roƙo a saurari wannan. Ana ce masa makantar launi, kodayake mai shi yana gani sarai, kuma ba dundumi ba ne. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin nan uku ne babu, ko yana aiki a karkace, galibi sai ja da kore su riƙa rikice masa. A cikin Turawan arewacin Turai yana samun namiji 1 cikin 12, mace kuwa 1 cikin 200. A Afirka bai kai haka yawa ba, amma akwai shi a cikinmu. Maza ya fi kamawa domin gadon yana kan kuromosom na X, ɗaya daga cikin zaren da ke ɗauke da halittar da ake gada daga iyaye, namiji kuwa guda ɗaya gare shi, daga uwa. Don haka sau da yawa za a tarar kawun yaro ko kakansa na wajen uwa na da shi.

John Dalton, masanin kimiyya ɗan Ingila, ya bayyana nasa a 1794, har ya bar wasiyya a binciki idanunsa bayan ransa. An adana su, a 1995 aka gwada, aka tarar ƙwayoyin matsakaicin zango ne ba shi da su. Wannan faifan da kuke kallo kuwa wani likita ɗan Japan, Shinobu Ishihara, ya ƙirƙiro irinsa a 1917, har yau da shi ake gwaji.

[Kwandon tumatir a fadama, nunannu da ɗanyu a haɗe]

Na san wani yaro da ya sha faɗa a gona saboda yana tsinko ɗanyen tumatir tare da nunanne. An ce ganganci ne, an ce rashin hankali ne. Sai da ya girma aka gane abin da ke damunsa. Iyaye da malamai, in yaro na yawan kuskuren ja da kore, a kai shi wajen likitan ido kafin a ɗaga masa murya. Gwajin ba ya cin minti biyar.

[Turamen atamfa jere, kyamara na bi a hankali]

Sai harshe. Ku saurari yadda muke kiran kala: ruwan goro, ruwan hoda, ruwan ɗorawa, ruwan ƙasa, ruwan toka, ruwan ganye. Kowanne da abin da aka jingina shi. Wani lokacin mutum biyu abu ɗaya suke gani, suna ne ya raba su, don wanda bai saba da ganin ɗorawa ba zai ce ruwan ƙwai. Rashawa na da kalma dabam ga shuɗi mai haske, dabam ga mai duhu, kuma wani gwaji na 2007 ya nuna sun ɗan fi masu Turanci saurin rarrabe su a daidai wannan iyaka.

[Ɗan tsit. Marini na ɗago zane daga rijiyar baba, yana ɗiga]

Saura tambayar da ke hana wasu barci. Ni da kai mun dubi zanen nan, mun ce shuɗi. Shin abin da nake ji a cikin kaina shi kake ji a naka? John Locke, masanin falsafa ɗan Ingila, ya yi wannan tambaya tun wajen 1690. Ana iya auna haske, ana iya ƙirga ƙwayoyin ido, ana iya kallon ƙwaƙwalwa tana aiki a na'ura, amma har yau ba wanda ya shiga kan wani ya kalli duniya daga ciki. Ni dai na fi karkata ga cewa muna kusa da juna sosai, tunda tsarin ginin idonmu da na ƙwaƙwalwarmu kusan ɗaya ne. Ra'ayina ke nan.

[Tsakar gida, an shanya shaddar a igiya da hantsi, Gwaggo na taɓa ta]

Shaddar ta iso gida ranar Laraba. Aka shanya ta a igiya, kowa ya fito. Ruwan toka ce, mai ɗan sirkin shuɗi a cikin ƙyallinta. Gwaggo ta ce, "Ban gaya muku ba?" Yarinyar ta ciro waya, ta buɗe hoton, ta kara shi kusa da shaddar. Ta ce, "Gwaggo, ta igiya ruwan toka ce. Amma ta cikin wayar nan har yanzu shuɗi nake gani."

[Farar takarda a hannu]

Ku samu farar takarda yau. Ku ɗauke ta hoto da azahar, ku sake dab da magariba, ku sake da dare a ƙarƙashin fitilar caji. Ku yanke hotunan uku yadda takardar kaɗai za ta fito, ku jera su, ku nuna wa mutanen gida ba tare da kun faɗa musu mene ne ba. Ku rubuto mana kalar da kowa ya faɗa.