Yadda Ƙauyukan Ayilan Ke Rainon 'Yan Wasa Ba Tare da Albashi Ba

[Hoto: babban fili cike da 'yan kallo]

Jama'a, wannan filin da kuke gani shi ne Croke Park, a birnin Dublin na ƙasar Ayilan. Yana cin mutum 82,300, kuma ranar wasan ƙarshe na gasar ƙasa babu masaka tsinke a cikinsa. Amma cikin 'yan wasa 30 da ke gumurzu a tsakiyar filin, babu ko ɗaya da ke karɓar albashi. Wannan malamin makaranta ne, wancan ɗan sanda, ga manomi, ga ma'aikacin banki, ga ɗalibi. Idan shagali ya watse, kowa sai ya koma bakin aikinsa.

To wa ya raine su har suka kai nan, tunda babu attajirin da ke zuba kuɗi yana sayen yara masu baiwa? Sai mun bar Dublin mun leƙa ƙauye kafin mu gane.

Ƙungiyar da ke kula da wasannin gargajiyar Ayilan, irin su ƙwallon Gaelic da hurling, ita ce GAA (Gaelic Athletic Association). An kafa ta ranar 1 ga Nuwamba 1884, a wani otal da ke garin Thurles a gundumar Tipperary, lokacin Ayilan na ƙarƙashin mulkin Birtaniya. Jagoran tafiyar, wani malami mai suna Michael Cusack, ya ga wasannin Ingila na neman shafe na gargajiya, sai ya tashi tsaye. Yau GAA na da kulob fiye da 2,000 a gundumomi 32 na tsibirin, har da 6 na arewa da ke hannun Birtaniya har yanzu.

Ƙashin bayan tsarin shi ne dokar mazauni. A yawancin gundumomi, yaro zai buga wa kulob ɗin yankin da yake zaune ne, kuma iyakar yankin sau da yawa ita ce iyakar da cocin Katolika ya shata tun da can. Ba a sayen ɗan wasa, ba a sayar da shi. Ku dubi David Clifford, wanda da yawa ke ganin babu kamarsa a ƙwallon Gaelic a wannan zamani. A Yulin 2022 ya ci kofin ƙasa da gundumarsa ta Kerry. Bayan nan sai ya koma Fossa, ƙaramin kulob ɗin ƙauyensu da ke gefen garin Killarney, ya ci gaba da bugawa da yaran da suka taso tare, a rukuni na ƙasa-ƙasa. A Janairun 2023 shi da yayansa Paudie suka kai Fossa har Croke Park suka ɗauko kofin wannan rukuni. Da a wani wasan ne, da tuni wani babban kulob ya yi awon gaba da shi tun yana ɗan shekara 16.

[Hoto: ƙwallo zagayayya, sannan sanda da ƙaramar ƙwallo]

Manyan wasannin guda biyu ne. Na farko ƙwallon Gaelic: mutum 15 a kowane ɓangare, ana kama ƙwallo da hannu, ana kuma harba ta da ƙafa. Ba za ka wuce taku 4 da ita a hannu ba sai ka buga ta da ƙasa, ko ka sake ta kan ƙafarka ka dawo da ita hannu kana cikin gudu. Ta shiga raga, maki 3. Ta bi ta saman raga tsakanin dogayen sanduna, maki 1, kuma tun 2025 wanda ya harbo daga bayan layin mita 40 yana samun maki 2. Na biyu shi ne hurling, wanda ya ɗan yi kama da ƙwallon gora, sai dai a nan ƙwallon ta fi zama a sama, kuma gudunta kan wuce kilomita 150 a awa. A 2018 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon al'adun duniya. Mata na da nasu hurling ɗin mai suna camogie, da ƙungiyarsu tun 1904, ƙwallon Gaelic ta mata kuma ta samu tata ƙungiyar a 1974.

Yanzu mu zo ranar Asabar da safe, domin nan ne tushen komai.

[Hoto: ƙananan yara da hulunan kwano a kan ciyawa]

Kusan kowane kulob na da ajin ƙanana, na yara daga shekara 4 zuwa 6 ko 7. Idan ka je da sa ran ganin wasa, ba za ka gani ba. Abin da za ka gani shi ne tsalle-tsalle, da guje-guje, da wasan kamo ni, da jifa da cafewa. Masu tsara horon sun yarda cewa yaron da bai iya tsayawa da ƙafa ɗaya ba, ko bai iya birki yana cikin gudu ba, babu amfanin koya masa harbi. Ana raba filin gida-gida, kowane gida da abin da ake koyarwa, bayan 'yan mintuna a busa usur yara su matsa gaba. Dalilin a bayyane yake: ɗan shekara 5 ba ya jure abu ɗaya na tsawon lokaci, kuma idan ka jera su a dogon layi suna jiran ƙwallo ɗaya, kafin ta zo kan na ƙarshe rabinsu sun fara kokawa, sauran suna tsinkar ciyawa.

Su wa ke koyarwa? Iyayen yaran. Uba ya kawo ɗansa ya tsaya a gefe da kofin shayi, sai wani ya ce, ɗan riƙe mana wannan buhun ƙwallayen. Mako na gaba an ba shi riga. Da yawa daga cikinsu haka za su bi wannan rukuni na yara shekara bayan shekara har su zama samari. Wasu ma ba su taɓa buga wasan ba a rayuwarsu, musamman a birane.

A hurling ne aikin koci ya fi wuya, kuma a nan ake gane wanda ya san abin da yake yi. Abu na farko riƙon sanda: hannun da yaro ke rubutu da shi, shi ne zai kasance a saman mariƙi. Idan aka bar shi ya saba da akasin haka, gyaran sai an sha wuya. Sandar kanta, wadda a al'ada ake sassaƙawa daga itacen ash, dole ta yi daidai da tsawon yaron. Iyaye kan so su sayi babba don ya girma da ita, koci kuwa sai ya ce a'a, sanda mai nauyi tana lalata hannu. Ana farawa da dukan tayar mota a ƙasa, dama da hagu, kafin a zo kan ƙwallo, kuma ƙwallon farko babba ce mai laushi. Daga nan a koyi ɗago ta daga ƙasa da bakin sanda, a koyi cafe ta a sama, a koyi tare dukan abokin hamayya. Wannan na ƙarshe yana da ban mamaki, domin ana koya wa yaro ya matso kusa da mai dukan ne, wanda ya tsaya nesa-nesa don tsoro shi bakin sanda ke samu. Hular kwano mai shingen fuska kuwa wajibi ce ga kowa, yaro da babba, tun 2010. Kuma duk kocin hurling zai gaya maka awa ɗaya ko biyu a mako ba ta isa ba. Shi ya sa kulob da dama suka gina doguwar katanga, yaro ya zo shi kaɗai ya yi ta dukan ƙwallo tana dawo masa. A gundumar Kilkenny ba abin mamaki ba ne ka ga yara sun nufi makaranta da jaka a baya, sanda a hannu. Daga can ne ƙaramin kulob ɗin Ballyhale Shamrocks ya fito, wanda ya ci kofin kulob-kulob na ƙasa sau 9, ya kuma raini fitattun 'yan wasan hurling Henry Shefflin da TJ Reid.

Kada ku ɗauka don aikin sa kai ne kowa ma sai ya shigo. Kafin a bar mutum ya horar da yara, sai 'yan sanda sun binciki tarihinsa, sai ya halarci bitar kare yara, sai kuma ya yi kwas ɗin farko na horarwa. Kowane kulob yana da jami'in kula da yara, wanda za a kai wa ƙorafi. Koci ba ya keɓewa da yaro shi kaɗai, ba ya tura wa yaro saƙo a waya, sai dai ta hannun iyaye. Ƙasar ta ga abin da ya faru da yara a baya a hannun waɗanda aka amince wa, a makarantu da wuraren ibada da ma wasu wasannin, don haka ba ta wasa da wannan.

[Hoto: fili an raba shi ƙanana-ƙanana, wasanni da yawa a lokaci guda]

Sai tsarin da ya fi jawo ce-ce-ku-ce, wanda suke kira Go Games. Ga yaran da ba su wuce shekara 12 ba, babu teburin gasa, babu wasan ƙarshe, babu kofi. Ana ƙaranta fili, ana rage 'yan wasa zuwa bakwai-bakwai ko tara-tara, kuma kowane yaro sai ya buga, babu mai ɗumama benci. A ƙwallon Gaelic akan taƙaita sau nawa yaro zai taɓa ƙwallo kafin ya miƙa wa wani, don kada ƙaton cikinsu ya ɗauke ta daga wannan raga zuwa waccan sauran suna kallo.

Masu suka suna cewa yaudarar kai ce. Yaran ai suna ƙirga maki a ransu, da an tashi za su gaya maka wa ya ci. Kuma a cewarsu, gara yaro ya koyi haɗiye rashin nasara tun yana ƙarami. Maganarsu ta farko gaskiya ce. Amma a ganina dokar ba don yaran aka yi ta ba, don manya aka yi. Da zarar an ajiye kofi a gaba, koci zai zaɓi yara 15 mafi girman jiki, kuma a shekara 9 girman jiki sau da yawa watan haihuwa ne kawai: wanda aka haifa a Janairu ya girmi na Disamba da kusan shekara guda, alhali rukuninsu ɗaya. Ƙaramin ya zauna a benci mako uku, a na huɗu ya ce wa uwarsa ba zai koma ba. A babban birni wataƙila ba za a ji rashinsa ba. A ƙauyen da yaran ajin duka ba su wuce 18 ba, kuma doka ta hana a sayo wani, wannan yaron shi ne mai tsaron bayan da za a nema a rasa nan da shekara 10.

Manyan dai har yanzu su ne matsalar. Ihun iyaye a bakin fili ya sa wasu kulob-kulob ke ware ranakun da ba a yarda kowa ya ɗaga murya ba sai tafi. A 2022 alƙalan wasa na gundumar Roscommon sun janye aikinsu na ɗan lokaci bayan an kai wa ɗayansu hari a wasan 'yan ƙasa da shekara 17. Ga shi kuma wasannin ƙanana sau da yawa matasa ne ke alƙalancinsu.

Da bazara akwai sansanonin Cúl Camps, da aka fara a 2006: mako guda na horo ga yara daga shekara 6 zuwa 13, a ba yaro riga da jaka, kuma yara fiye da 100,000 ke shiga kowace shekara. Makarantun firamare ma na da tasu gasar. Idan yaro ya ɗan tasa kuma sai gasar Féile, da aka faro a 1971, wadda ta yi suna da al'adar saukar da yaran da suka zo daga nesa a gidajen yaran kulob mai masaukin baƙi.

Kuɗin tafiyar da kulob yana fitowa daga kuɗin rajista, da tallafin 'yan kasuwar gari da ake buga sunansu a gaban riga, da gudummawar uwar ƙungiya da ta gwamnati, da kuma wata 'yar caca ta mako-mako da kulob da yawa suka dogara da ita. Sauran aikin, wato yankan ciyawa, shata layi, wankin riguna, dafa shayi, duk kyauta ake yi.

[Hoto: Chiedozie Ogbene cikin koriyar rigar Ayilan]

Akwai ɗan Najeriya a cikin labarin nan. An haifi Chiedozie Ogbene a Legas a 1997, iyayensa suka koma birnin Cork yana yaro. A kulob ɗin Nemo Rangers ya buga ƙwallon Gaelic, ya kuma yi fice, kafin ya zaɓi ƙwallon ƙafa. A 2021 ya zama ɗan wasa na farko haifaffen Afirka da ya buga wa babbar tawagar Jamhuriyar Ayilan. Irinsa kuwa suna ƙaruwa, domin 'ya'yan baƙi sun fara cika ajin Asabar a garuruwa da dama. Labarinsa ya kuma nuna inda GAA ke da rauni: ƙwallon ƙafa, da zari-ruga, da ƙwallon Ostireliya duk suna iya biyan matashi albashi, ita kuwa ba ta iyawa.

Babban ciwon kan yanzu shi ne inda mutane ke zama. Matasa na barin ƙauyukan yammacin ƙasar suna komawa birane ko ƙetare. A kewayen Dublin akwai kulob da ke da yara fiye da 100 a rukunin shekara guda, suna rububin filin atisaye. A kudancin Kerry kuwa, yankin da ya fitar da manyan 'yan wasa, ƙauyuka biyu ko uku ne ke haɗa yaransu kafin a samu cikon tawaga ɗaya. Ƙauyukan da kakanninsu suka shekara da shekaru suna hamayya, yau jikokinsu riga ɗaya suke sawa, kuma kafin a kai ga haka sai an zauna an daddale a kan launin rigar, da sunan da za a kira tawagar, da filin wanda za a riƙa yin atisaye a cikinsa.